Gurbin kolestarol a naman fata: kada ido ya tsaya a nan

Ƙannena masu koyon duba nama a madubin likita, akwai abin da ke saurin ɗauke ido a naman fata: wasu fararen tsagogi masu tsini, kamar an zubar da allurai. Gurbin daskararren kolestarol ne, wato wani nau'in kitse da ke jiki. Shi kansa ba ya nan, alkohol da sinadarin zailin da ake sarrafa naman da su sun narkar da shi. Galibi za ku tarar da manyan ƙwayoyin halitta masu cibiya da yawa sun rungume gurbin, suna fama da abin da ya fi ƙarfinsu.

A farkon aikina aka kawo ƙullutun da aka cire daga fuskar wani dattijo. Ina ganin tsagogin nan na rubuta cewa jakar maiƙo ce ta fashe, don a nan na saba ganinsu. Ban bi gefen naman ba, ban nemi a ƙaro mini yanka daga ciki ba. Malamina ne ya sake dubawa, ya nuna mini gungun ƙwayoyin sankara can a gefe, na bakin gungun sun jeru reras. Irin wadda ke tasowa daga gindin fatar sama ce, wadda ta fi kowace sankarar fata yawa. Da takardata ta fita haka, da an sallami bawan Allah babu wanda ya tabbatar an cire ta duka. Har yau abin yana damuna.

Bangon kowace ƙwayar halitta yana ɗauke da kolestarol. Duk inda ƙwayoyi suka mutu da yawa, ko jini ya kwanta ya daɗe, yana iya taruwa ya daskare, ko a jaka ko a tsakiyar sankara. Tsagar tana cewa an yi ɓarna a nan, amma ba ta faɗin wa ya yi ta, ba kuma lallai ne kitse ya yi yawa a jinin mai ita ba.

Saboda haka ku duba inda ta zauna. In a cikin ƙaramar jijiyar jini take, ga yatsun ƙafa sun yi shuɗi bayan an zura wa mutum siririyar roba ta jijiya don duba zuciya, to ɓarɓashi ne ya ɓalle daga babbar jijiya, sai a gaggauta gwada ƙodarsa. In kuwa cikin tabo mai tauri ruwan ɗorawa take a kewayen ido, ga mataccen nama, ku tuna cutar necrobiotic xanthogranuloma, wadda likitoci Kossard da Winkelmann suka bayyana a 1980. Yawancin masu ita suna da baƙon furotin a jini, don haka ku rubuta a takarda a yi musu gwajin neman wannan furotin.