Abin da 'yan aikatau suka koya mini a ɗakin jinya

Aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Kaduna ya nuna mini cewa ba a kawo 'yar aiki da wuri. Sai an gaji da saya mata farasitamol a kemis, sai ranar da ta kasa ɗaga bokiti. Da yawansu dillaliya ce ta ɗauko su daga ƙauye, ita ke karɓar albashin duk wata, yarinyar ko ƙwandala ba ta gani. Mutanenmu ba sa kiran wannan safarar mutane, a ganinsu sai an tsallaka da mutum Libiya ko Saudiyya. Alhali dokar 2015 da hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ke aiki da ita ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau.

Hannu nake fara dubawa. Tsakanin yatsu ya yi fari, ruwa da garin sabulu sun cinye shi, ga tsohuwar ƙunar mai a damtse. Idan na ja fatar ido ƙasa sai in ga babu jini.

Amma abin da ya fi wuya shi ne jin bakinta. Ka ce, "Yarinya, me ke damunki?" uwar ɗaki ta riga ta: "Sista, zazzaɓi ne kawai, ga ta da son jiki." Shi ya sa nakan ce, "Hajiya, a taimaka a je a yanko mata kati," ko in shiga da yarinyar ɗakin awo ita kaɗai. A nan ake jin a kicin take kwana, ko cewa wani a gidan yana shigar mata da dare. Irin wannan cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe muke turawa, kamar ta asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, kuma da gaggawa, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Ba na yi wa hajiya faɗa a gaban jama'a, ko da raina ya ɓaci. In ka kunyata ta, gobe a sa yarinyar a mota a tashar Kawo, shi ke nan. Misali, maganin tarin fuka kyauta ne, amma wata 6 ake sha, wadda ba ta da ikon fita ƙofar gida kuwa ba za ta zo karɓa da kanta ba. Don haka nakan lallaɓa hajiyar ta dawo da ita, rahoto kuma in kai wa jami'an jin daɗin jama'a a ranar.