Tsagar da ke ɗakin Inna

Litinin, tsakiyar watan Agusta.

Ruwan daren jiya bai ɗauke ba sai gab da assalatu. Wajen ƙarfe biyu uwargida ta tashe ni, ɗigo yana sauka daidai kan katifar yara. Muka ja katifar gefe, muka tara bokiti da roba, muka ƙarasa daren muna jin ɗal, ɗal. Da na fito daga masallaci duk wanda na gamu da shi sai ya ce "Ina ruwa?" in ce "Ruwa ya yi gyara." Kuma ya yi ɗin, don gero ya fidda kai, dawa ta yi shar. Amma hankalina yana kan rufin gidana.

Allah ya taimake ni jiya Lahadi na je kasuwar Gujungu, na sayo ƙusa mai hula, don tun wancan makon na ga alamar yoyon. Ban hau ba sai da rana ta ɗaga kwanon ya bushe, saboda jiƙaƙƙen kwano santsi gare shi. Babban ɗana ya riƙe mini tsani. Abin da mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya koya mini shi na faɗa wa yaron yau: in ka hau kwano, ka bi layin ƙusoshi, nan ne katako yake a ƙasa. Ka taka tsakiya, ka lotsa shi, ka ƙara wa kanka wani yoyon.

Matsalar ba ta da yawa. Iskar farkon damina ta yi ta ɗaga kwanon har ƙusoshi huɗu suka saki, ramukansu suka yi faɗi. Na zare su, na yanka tsohon silifa ƙanana-ƙanana, na sa kowace sabuwar ƙusa ta ratsa ta cikin robar kafin ta shiga, don ta toshe bakin ramin. A kan tudun kwano ake buga ƙusa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Wuri ɗaya da tsatsa ta ci na narka kwalta a gwangwani, na shafa, na ɗora tsumma, na sake shafawa. Da na sauko na kwara buta biyu daga sama, uwargida tana ciki tana kallo, ko ɗigo babu. Daga nan na zura sanda a rariyar tsakar gida na fito da ledoji da ganyen darbejiya, ruwan da ya kwanta ya wuce.

Irin waɗannan ayyuka ba na kiran kowa. Yaɓen katanga, ƙyauren da ya sauka, kan batirin sola in ya yi fari, duk da hannuna nake yi, kuma ina jin daɗin yi. Mai albashin malamin firamare in ya ce komai sai ya kira ma'aikaci, wata ba zai kai masa ba. Wayar lantarki ce kawai na haramta wa kaina tun da daɗewa, don batirin sola bolt 12 ne, wutar da ke saukowa daga turke kuwa 230 ce, ba ta ba mutum damar koyo a kanta.

Da wannan ƙarfin gwiwar na nufi ɗakin Inna.

Ɗakinta ne kaɗai ya rage na asali a gidan nan, ginin tubali, rufin soro, azara a jere an ɗora ƙasa a kai. Sauran duk mun mayar da su bulo da kwano. Kwana uku ke nan tana ce mini bangon gabas ya tsage, ni kuwa na ɗauka irin tsagar yaɓe ce da ake gani kowace shekara. Na sa yara suka kwaɓa mini jar ƙasa da ciyawa a daro, na shiga da niyyar in cike ta in shafe kafin azahar.

Ƙyauren ne ya fara tsayar da ni. Na tura ya ƙi, sai da na sa kafaɗa, alhali makon jiya da yatsa ake buɗe shi. Da na janye labulen da ke bayan gadonta sai na ga tsagar ta taso daga kusurwa, siririya a ƙasa, tana ƙara faɗi tana hawa, har can sama yatsuna biyu suka shige. Na kara idona, ina hango hasken waje. A kan murfin langar da ke saman jerenta kuma ga garin ƙasa ya zubo daga rufi. Na tsaya riƙe da curin ƙasa a hannu, zuciyata tana ce mini cusa kawai, magini kuɗi zai ci. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Malam, da mahaifinku ne da ya aika an kira mai abin." Na mayar da ƙasar cikin daro, na wanke hannu, na hau babur.

Baba magini yana unguwar yamma. Gadon gidansu ne gini, kuma mahaifinsa ne ya ɗora ɗakin nan. Na same shi yana shirin tafiya gona, na durƙusa muka gaisa, na faɗa masa abin da na gani. Da na ambaci ƙyaure sai ya jingine fartanyarsa ya ce mu je.

Abin da ya ba ni mamaki, bai fara da tsagar ba. Bayan ɗaki ya zagaya. Ya caka sandarsa a gindin bango, ta nutse kamar a cikin tuwo. Ya ɗaga kai ya nuna mini indararo. Bakinsa ya karye tun farkon damina, na gani kuma na ce zan gyara, ban gyara ba. Maimakon ya watsa ruwa nesa, sai yake zubo shi a jikin bango, yana taruwa a gindi. Wata biyu ruwan rufin ɗakin nan kaf yana sauka wuri ɗaya. Baba ya ce, "Ɗana, ginin ƙasa hula da takalmi yake so. Samansa ya zubar da ruwa, ƙasansa ya zauna a bushe. Wannan an bar shi tsaye a cikin ruwa."

Sannan muka shiga ciki. Ya karɓi tocilan ya haska inda kawunan azara suka shiga bango. A jikin uku daga cikinsu akwai wani zirin wuri mai haske, faɗin yatsa biyu, wanda hayaƙi bai taɓa ba. Ya ce wannan wurin da a cikin bango yake. Wato gindi ya yi laushi, bango ya fara kwantawa waje, yana zare kansa daga azarar da ke ɗauke da rufi. Ita azara lafiyarta ƙalau, giginya ce, gara ba ta cika damunta ba, ya ƙwanƙwasa ta tana amsawa. Amma ƙasar da ke kanta ta sha ruwa, nauyinta ya ƙaru, abin da ta dogara a kai kuma yana janyewa. Ni na shiga ɗakin nan sau biyu yau, ban ɗaga kai na dubi wurin ba, don ban san ana dubawa ba.

Na ce, "Baba, da na cike ta fa?" Ya ce, "Da ka rufe mata baki. Bango yana magana kafin ya faɗi, kuma da tsaga yake yi. Ka shafe ta, ka kwanta da daɗin rai, shi kuwa yana ci gaba da tafiyarsa." Ya nuna mini wasu ƙananan tsage-tsage a bangon kudu, kamar saƙar gizo, iyakarsu fatar yaɓe. Ya ce waɗannan nawa ne, in shafe su duk ranar da na ga dama. Amma wadda ta ratsa bango, ko ta fito daga kusurwa, ko ta fi faɗi a sama, ko ta zo tare da ƙyaure mai gardama, wannan tasa ce.

Jikina ya yi sanyi, don na tuna daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Jigawa, har nan ƙasar Ringim, mutane suka koma kwana a azuzuwan makaranta. Gidajen da na gani sun zube a lokacin, ba duka ne kogi ya shiga ba. Wasu ruwan sama ne ya yi ta jiƙa su kwana da kwanaki har suka zauna, yawanci kuma cikin dare, mutane suna barci.

Aikin da aka yi yau na tsayar da ɓarna ne kawai. Baba ya aika aka kira yaransa biyu. Suka kafa tokara biyu a ciki, da katako mai kauri a gicciye ƙarƙashin azarar, uku kuma a waje suna dafe da bango. Ni ya ba ni nawa rabon: na yanko sabon indararo mai tsawo daga ragowar kwano, na haƙa wa ruwa hanya daga bayan ɗakin zuwa lungu, muka zuba busasshen burji a gindin bangon muka daddaɓe. Rufin kuwa ya hana kowa hawa, daga kan tsani aka ja tamfol aka rufe. Rushe bangon da sake ɗora shi sai bayan kaka, in iskar hunturu ta fara, don tubali rana yake so, ƙasar ma sai an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta kwana biyu tana tsima. Ya ce in fara tara ɓawon ɗorawa in na samu, zai yi wa bayan ɗakin makuba kamar yadda aka yi masa da farko. Abin da ya nema na yau bai kai kuɗin buhun siminti ba. Na bayan kaka ne zai yi nauyi, mun riga mun yi magana da uwargida a kan ɗan akuyan nan.

Fitar da Inna ta fi kafa tokara wuya. Ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, a ciki ta haife mu duka, ba ta ga ruwan da zai kore ta ba. Ni ban iya ce mata komai ba. Baba ne ya tsuguna ya ce, "Hajiya, ba rabuwa za ku yi ba. Mahaifina ya gina, ni zan tayar miki da shi, azararki ma ita za a mayar. Aron wata uku nake nema." Ta yi shiru, can ta ce a fara fitar da jerenta, kuma kada yara su taɓa, uwargida ce za ta ɗauka. Har la'asar ana kwasa.

Kafin ya tafi, Baba ya ɗebi ƙasar nan da na kwaɓa da safe, ya manna ta wuri uku a kan tsagar, sama da tsakiya da ƙasa, kowanne kamar tafin hannu, ya shafe sumul. Ya ce gobe in na idar da sallar asuba in leƙa daga bakin ƙofa da tocilan, kada in shiga. In sun dare, bango bai tsaya ba, in zo in same shi kafin ya fita gona.

Yanzu an yi isha'i. Inna tana ɗakin uwargida, ina jin muryarta tana yi wa yara tatsuniya. Na sa kwaɗo a ƙofar ɗakinta, makullin yana aljihuna. Hadari ya sake haɗowa daga gabas, iska ta fara kaɗa tamfol ɗin. Na ajiye tocilan kusa da kaina.