Asabar: karanshaf ya shiga, amma sai da ya wahalar da ni

Yanzu na shigo daga gareji, hannuna har yanzu warin baƙin mai yake duk da na wanke sau uku, to bari na rubuta abin da ya faru yau kafin barci ya ɗauke ni na manta lissafin.

Wata huɗu kenan Cherokee ɗina ƴar 1997 tana tsaye ba inji. Injinta na asali shi ne 4.0 mai silinda shida a jere, wanda Jeep suka yi ta sakawa daga 1987 har 2006. Inji ne mai juriya kamar jaki, amma tunda na sa mata manyan tayoyi sai ta zama raguwa, in an zo hawa tudu ko yashi mai zurfi sai ka taka totur har ƙasa kafin ta motsa. Ni kuma ba gudu nake nema ba, ƙarfin ja nake so tun injin yana ƙasa-ƙasa. Shi ya sa na shiga wannan rigimar ta stroker, wato ƙara wa fistin tsawon tafiya ta hanyar canza karanshaf don injin ya ƙara girma, kuma irin ta talaka, don aljihuna ba zai ɗauki fistin da kwanrod na musamman ba.

Dabarar tsohuwa ce. Akwai yayan wannan injin, wato 4.2 na kamfanin motoci na AMC da ake cewa 258, gidansu ɗaya, karanshaf ɗinsa yana zama daram a bulok ɗin 4.0. Fistin a 4.0 yana tafiyar milimita 86.7 ne daga ƙasa zuwa sama, da karanshaf ɗin 4.2 kuwa 98.9. Sai ka haɗa da kwanrod ɗin 4.2 ɗin, wato sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, tunda sun fi gajarta da kwatan inci, ka ɗora musu fistin ɗin 4.0. In ba a yi bora ba, wato faɗaɗa ramin silinda, ka samu lita 4.5, ni an ƙara min 0.030 na inci, don haka ya kusa 4.6. A takarda abin kamar wasa.

Da sassafe ni da ƙanina muka wanke bulok ɗin da ruwan sabulu mai zafi da buroshi, kowane ramin mai sai da muka bi, don ƙurar ƙarfen da bora ta bari ita ke cinye metal a satin farko. Yana ta mita wai ai masu bora sun wanke. Na ce ya goga farin ƙyalle a cikin silinda ya gani, ya fito baƙi ƙirin, bai sake magana ba.

Karanshaf ɗin da na samu tsohon yayi ne, mai nauyi, wanda ke da ƙarafan daidaito goma sha biyu, mu biyu muka ɗaga shi muna nishi. Ni na fi son sa haka, a kan duwatsu nauyin nan yana hana inji mutuwa in juyi ya yi ƙasa sosai. Na jera metal, na sa ɗan zaren roban nan na Plastigage mai auna tazara a kan kowane ɗaya daga cikin mazaunai bakwai na karanshaf ɗin, na ɗaure kowane a ft-lb 80 da tokin renci, na kwance na duba. Duk sun faɗa kusa da 0.002 na inci, alhamdulillah. Muka shafa mai muka mayar, na juya da hannu ɗaya yana tafiya sumul, har na fara jin kaina wani babban injiniya.

Daga nan abin ya juye. Na saka fistin na ɗaya da na shida ba ringi don gwaji, na ɗora ƙarfen nan mai kama da tsani da ke ɗaure a ƙasan bulok, wanda suka fara sakawa daga 1996 don ƙara masa ƙwari. Na juya, ya yi rabin zagaye sai ƙat! ya tsaya cik. Na koma baya, ya sake zuwa wajen ya tsaya. Wallahi gabana ya faɗi, abin da ya fara zuwa min shi ne karanshaf ɗin a lanƙwashe yake an cuce ni, ko kuma kwanrod ɗin ba na 4.2 ba ne an haɗa min da wasu, na ɗauko awo na auna su ɗaya bayan ɗaya, inci 5.875 cif, na kwance fistin na mayar, na kusa awa biyu ina zagaye abu ɗaya ina faɗa da kowa har da sifana.

Ƙanina ne da ke riƙe da tocila ya ce, Yaya, wannan ƙarcen fa da can akwai shi? Na leƙa, ga wani ɗan layi yana ƙyalli a jikin tsanin. Ashe notin kwanrod ne ke dukan sa. Kuma abin a fili yake, tunda tafiyar ta ƙaru da milimita 12, kwanrod yana sauka ƙasa da kusan 6 fiye da da, tsanin kuma ba a yi shi don haka ba. Na sani fa, na taɓa karantawa, kawai ya fice min. Muka sa washa masu tauri tsakanin tsanin da inda yake zama, ya ɗan ja baya, aka juya ya wuce lafiya. Yaron sai murmushi yake, na san sai na shekara ina jin labarin nan. Saura na gwada tankin baƙin mai na ƙasa, don yanzu shi ma zai iya taɓa tsanin.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne, kwamfireshan ne, wato yawan matse iska a cikin silinda. Injin asali 8.8 yake. Yanzu kowace silinda tana shaƙar kusan cc 764 maimakon 660, amma ɗakin da ake matse iskar a sama kusan bai canza ba. Na auna yadda fistin ke tsayawa a can sama, ya rage kusan 0.030 na inci ya kai bakin bulok, na auna ramin kan fistin da sirinji da ɗan gilashi, na buga lissafi sau uku a bayan kwali, yana ba ni wajen 9.7. Da tof silinda na ƙarfe, da zafi, da mota tana rarrafe a giya ta ƙasa iska ba ta bugun lagireto, wannan ƙarar ƙwal-ƙwal ce kawai ke jira na, kuma ita ke fasa fistin.

Na ce ko na sa gaskit mai kauri na huta. Na kira dattijon da ya yi min bora na faɗa masa. Ya ce, yaro kar ka soma. Wai in ka nisanta fistin da tof silinda, matsin nan da ke cakuɗa iska da fetur a ƙarshen tafiya ya lalace, sai ka rage lamba a takarda amma injin ya fi saurin yin ƙarar. Na ce to Baba ya za a yi? Ya ce na kawo fistin ɗin ya ƙara zurfin ramin kansu, ya bar gefen yadda yake, in ya so a ɗan share saman bulok. A lissafina cc 6 a kowane zai sauko da ni wajen 9.2, in dai naman kan fistin ɗin ya isa, shi zai auna kauri ya gani. Ma'ana duk abin da na ɗaura yau gobe zan kwance. Raina bai so ba sam, amma na san gaskiya ya faɗa.

Sauran ƙananan abubuwa suna nan. Hancin karanshaf ɗin ya fi na 4.0 tsawo da kusan milimita 10 don na zamanin tsohon fambel ne, sai an yanke ko a sa zobe kafin fuli ya ɗauru. Nozul ɗin asali ba za su ƙosar da shi ba, ina neman masu feso fam 24 na fetur a awa. Kamshaf sabo ne, ranar tayarwa sai mai mai zinki da minti 20 a juyi 2000 zuwa 2500 ba sassautawa, ita ce ranar da nake tsoro tun yanzu.

Na rufe bulok ɗin da leda na ɗaure. Fistin shida suna cikin kwali, na rubuta wa kowane lambarsa da maka. Washa biyu sun ɓace min a ƙasan benci, ba ni da ƙarfin durƙusawa, sai da safe.