Na koma kwanciya da wuri da awa ɗaya, ga abin da na gani

Ni dai mutumin dare ne, ƙarfe biyu za ka same ni idona biyu ina latsa waya, da safe kuma in tashi jiki ba ƙwari, zuciya a cunkushe, ba na son magana da kowa har azahar. Abin da ya tunzura ni na gwada canjawa wani bincike ne da ya fito a mujallar JAMA Psychiatry a 2021, na masana daga jami'ar Colorado Boulder da cibiyar Broad ta Amurka, sun duba bayanan ƙwayoyin gado na mutum wajen 840,000, sai suka ga duk wanda tsakiyar barcinsa ta zo da wuri da awa ɗaya, haɗarin kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani ya ragu da kashi 23 cikin 100. Tsakiyar barci fa, ba yawan barcin ba. In kana kwanciya ƙarfe 1 ka tashi 8, ka koma 12 ka tashi 7, awannin nan bakwai ne dai, wurin zamansu kawai ya canja.

To da farko na zaci abin a kwanciya yake, kashe fitila, rufe ido, shi kenan. Ina! Sai in kwanta ƙarfe 12 ina ta juyi, ƙwaƙwalwa na lissafin abin da ya wuce da wanda bai zo ba, barcin ba ya zuwa sai lokacin da ya saba. Abin da ya yi min aiki daga wajen safiya ya zo, na tsayar da lokacin tashi guda ɗaya ko na yi barci ko ban yi ba, kuma da na tashi sai in fita waje hasken rana ya shiga idona, ba ta taga ba, waje sosai. Dalilin kuwa akwai wani ɗan ƙullutu a ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, shi ne agogon jiki, kuma zagayensa ya ɗan haura awa 24 a yawancin mutane, don haka kullum sai an saita shi, haske ne kuma mai saitawa. Hasken safe yana jan agogon gaba, wato barci ya riƙa zuwa da wuri, na dare yana tura shi baya yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki don barci. Fitilar ɗaki komai haskenta ba ta kama ƙafar hasken waje ko da akwai gajimare, wannan ne ya fi ba ni mamaki gaskiya. Sai nake ɗan jawo lokacin tashin kaɗan kaɗan, kwata na awa, jiki ya saba, in ƙara.

A cikin neman bayanin nan ne na shiga rikicin laƙabi, don kowa a intanet masanin barci ne, wannan Farfesa, wancan Dakta, wani ma digirin girmamawa ne aka ba shi a biki ya liƙa a gaban sunansa yana sayar da magani. Ni kuma da a ce laƙabi zan bi da na wuce binciken da ya fi amfanata, saboda sunan farko a kan takardar, Iyas Daghlas, a lokacin yana kammala karatun likitanci ne a Harvard. Ba wai karramawa banza ba ce, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young sun ci kyautar Nobel a 2017 kan yadda agogon jiki ke aiki, sun yi aikin a jikin ƙananan ƙudaje na 'ya'yan itace, kuma sun cancanta. Amma wanda ya fara gano ƙudajen da agogonsu ya karkace a 1971, Ronald Konopka, ɗalibi ne a lokacin a ɗakin gwajin malaminsa Seymour Benzer, daga baya bai samu kujerar koyarwa ta dindindin a jami'ar Caltech ba, ya rasu a 2015, Nobel kuma ba a ba mamaci. Can Ingila ma masanin kimiyya Peter Higgs an yi masa tayin laƙabin Sir a 1999 ya ce a'a. Sannan ga masanin kimiyya Linus Pauling mai Nobel har biyu, 1954 da 1962, amma iƙirarinsa cewa shan bitamin C da yawa na maganin ciwon daji bai tsaya ba da aka gwada a kan marasa lafiya. Don haka yanzu in na ga magana kan barci abin da nake tambaya mutum nawa aka duba, ta wace hanya, wasu sun maimaita sun samu iri ɗaya?

Shi kansa binciken 2021 ɗin yana da iyaka, yawancin mutanen da aka duba 'yan asalin Turai ne, kuma ƙwayoyin gado aka bi, ba a ɗauki mutane aka canja musu lokacin barci aka jira a gani ba, sannan bai ce mai tashi da wuri ya ƙara wuri ba. A kaina abin da na lura shi ne nauyin safiyar nan ya ragu, kuma awannin tsakar dare da nake zama ni kaɗai ina saƙa mugun tunani sun fita daga rayuwata, ina jin rabin amfanin ma daga nan yake. Amma ranakun da zuciya ta yi nauyi ba dalili suna nan, ba su ɓace ba, likita na je na gani a kan wannan, shi ma ya ce in ci gaba da tsarin barcin tare da abin da ya ɗora ni a kai.

Inda har yanzu nake fama shi ne ƙarshen mako, in na yi dare biyu a jere ina hira har ƙarfe biyu, ranar Litinin agogon ya koma gidan jiya, sai na sake bin sa da hasken safe kafin ya dawo.