Fentin bamba ba ya ɗayewa haka siddan

Da wuya mako ya wuce ba a shigo mana gareji da mota bambarta duk ta ɗaye ba, fentin yana tashi fale-fale kamar ɓawon albasa, baƙar roba tana leƙowa ta ƙasa. Abin da mai motar zai fara cewa shi ne an yi masa amfani da jabun fenti. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma yawanci fentin ba shi da laifi, wanda ya fesa ne ya ɗauki roba ya yi mata aikin ƙarfe.

Sa'ad da aka kai ni koyon aiki a Kaduna, Peugeot 504 ce ta cika gari, ga kamfanin da ke haɗa ta nan Kakuri. Bambarta ƙarfe ce mai walƙiya, ba ruwanta da fenti, in ta lanƙwashe sai dai a kai wa mai gyaran bodi ya buga. Da motocin Beljiyam suka fara kwararowa, su Golf da Honda da Corolla, sai ga bamba ta roba mai launin jikin mota. Masu fenti da yawa a lokacin sun sha jin kunya a gaban kwastoma. Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, bai yarda a fesa bamba tana jikin mota ba. Sai an kwance ta, an kifa ta a kan benci, ya kira mu: “Ku zo ku karanta min abin da aka rubuta a cikinta.” Mu yara muna ganin ɓata lokaci ne, ga rana, ga yunwa. Yau ni ma haka nake tsare yarana.

A cikin kusan kowace bamba akwai tambarin irin robar da aka yi ta da ita. Mafi yawa za ka ga PP ko PP+EPDM, wato PP da aka gauraya da wata roba mai laushi. Murfin madubi da giril na gaba kuwa sau da yawa ABS ne. ABS ba ta da taurin kai, tana karɓar fenti, sai dai tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, in mai ƙarfi ce tana iya cinye fuskarta. PP ita ce mai gardama. Irin robar bokiti ce da kujerar biki, jikinta santsi gare shi, ruwa ma da ƙyar yake kwanciya a kanta balle fenti. In tambarin ya goge, nakan yanki ɗan ƙaramin gutsure daga ciki in jefa a kofin ruwa. PP takan taso sama, ABS ta nutse. Ko in goga sanfefa a wani lungu: in ta yi gari to da sauƙi, in ta yi danƙo tana narkewa tana cushe sanfefar, na san da PP nake tare.

Sabuwar bamba wadda ba a taɓa fesawa ba ta fi tsohuwa wahala, abin da kwastoma ba ya yarda da shi ke nan. A masana'anta akwai wani maiƙo da ake sawa don robar ta fita daga mazubinta ba ta manne ba, kuma yana nan a jikinta ko ido bai gan shi ba. Mukan wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu ciki da waje, muna cuɗawa da soson gogewa mai laushi, ruwan toka ɗin nan, har cikin ramukan fitila da bakin gefe inda hannu ke ƙyuya. Daga nan mu shanya ta ta ɗauki zafi sosai, don zafi yana fito da sauran maiƙon waje, mu sake wankewa. Gwajin ba wuya: watsa mata ruwa. In ruwan ya shimfiɗu ya gangara bai ɗaya, ta wanku. In ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, koma ka sake. Ba na ɗaga bindigar feshi sai na ga ruwan nan ya kwanta da idona.

Wasu sababbin bambobin kan zo da baƙar firaima, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, tun daga masana'anta. Kafin in amince da ita sai na jiƙa tsumma da tina na goga a gefe. In ta biyo tsumman, duk sai an cire ta, don duk abin da ka ɗora a kanta tare za su tashi.

Sai firaimar roba, wadda ita ce ke riƙe fenti a jikin PP. Ruwa-ruwa ce, kusan ba ta da launi, kuma shafi ɗaya marar kauri ake yi, a bar ta ta sha iska gwargwadon mintunan da aka rubuta a gwangwanin, sannan a bi ta da shafi na gaba kafin ta wuce lokacinta. Mai gaggawa yakan labta ta da yawa yana ganin ya kyauta, alhali kaurin nan shi ke hana ta kamawa. A nan ne kuma nake da ƙorafi da wasu dilolin kayan fenti. Gwangwani iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ka buɗe ka ji warin tina zalla. Akwai wanda na daina sayen ko tsinke a wurinsa saboda haka. Yanzu duk sabon gwangwani sai na gwada shi a kan fasasshiyar bamba: in fesa, in bari ya bushe, in tsattsaga da reza, in manna salatif in fizge. In fenti ya biyo salatif, gwangwanin ya koma inda ya fito.

Ana kuma zuba maganin laushi a cikin firaimar da ake ɗorawa a kan ta roba, da kuma kiliya, wato shafin ƙyalli na ƙarshe, saboda bamba tana lanƙwasa. Ɗan adaidaita sahu zai goge ka a go-sulo, robar ta lotsa ta dawo, fentin da ba shi da laushi ya tsattsage nan take. Shi ya sa ba na shafa bodi filar ƙarfe, wadda ake cike lotsawa da ita, a kan roba, tana da nata daban.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. Da hunturu, goga roba da busasshen tsumma yana sa ta jawo ƙura da kanta, sai mun yayyafa ruwa a ƙasa mun goge ta da maganin da ke kashe wannan jan. Da bazara, feshin tsakar rana bushewa yake a iska kafin ya sauka, ya fito da ƙaiƙayi, don haka da sassafe muke yi. Da damina tankin kwamfuresa yana tara ruwa, in ba a tsiyaye shi kullum ba sai ƙuraje su feso a fenti. Man ƙyalli da masu wankin mota ke shafa wa taya da dashbod kuwa, ko kusa da ɗakin feshi ba ya zuwa, ɗigo ɗaya ya isa ya cika bamba da ƙananan ramuka.

Duk wannan sai mutum ya zo ya ce, “Haba Oga, ai ga wani can bakin titi zai yi min a rabin kuɗin, kuma yau-yau zan ɗauka.” Zai yi maka, Alhaji, kuma ranar za ta yi ƙyalli. Ya manna jarida a fitila, ya goge da fetur, ya fesa. Ranar da aka sa mata injin wanki mai ƙarfin ruwa za ka dawo wurina, kuma a lokacin aikin ya zama biyu, don sai na kankare nasa tas har robar ta fito kafin in fara nawa. Ba na ɗora fenti a kan wanda ya fara ɗayewa, ko nawa za a ba ni.

In za ka kawo bamba, ka shirya barin motar ta kwana. Launin ma da murfin tankin mai muke haɗa shi a hasken rana, ba da lambar fenti kaɗai ba, don motar da ta sha ranar Arewa ta riga ta koɗe. Bayan ka ɗauka, ka yi makonni kana wanke ta da bokiti da soso, kada a matsa mata bakin injin wanki a gefen bamba, kada kuma a sa mata folish sai fentin ya gama ƙeƙashewa.