Zauren Baba ya zama wurin aikina

Shekara biyu ina biyan hayar shago a bakin titi, ina zana katin biki da kalanda da allon talla a kwamfuta, kafin lissafi ya nuna min cewa mai shagon nake yi wa aiki. Ranar da aka sake ƙara min kuɗin haya na dawo gidanmu a Yakasai, ina kafe babur a zaure, sai na tsaya ina ƙare wa wurin kallo. Tun rasuwar Baba ba mai zama a ciki. Buhunan gawayi ne a jibge, da wani turmi da ya tsage. Tsawonsa ƙafa 12, faɗi ƙafa 10, ginin ƙasa, rufin azara.

Hajiya ba ta hana ba. Abu ɗaya ta ce: "Ka yi abin da za ka yi, amma kada ka tare hanya. Ta nan ake shigo da amarya, ta nan ake fita da makara." Na ce to, alhali hankalina yana kan wani hoto da na ajiye a waya.

Hoton wani ofis ne na Turai da na gani a Instagram: bango ruwan toka, teburin gilashi, kantoci farare a buɗe an jera littattafai. Na kai wa kafinta a 'yan katako na Na'ibawa, na ce irin wannan nake so, kada ya ƙara kada ya rage. Na kawo birkila ya shafe bangon da siminti, aka bi da fentin mai. Akwai wasu ƙananan tagogi biyu can sama kusa da rufi, waɗanda hannu kawai zai iya shiga. Na sa aka toshe su don a ganina sun ɓata tsari. Da aka gama na ɗauki hoto na tura wa abokai, aka yi ta sa min albarka.

Sai hunturu ya shigo. Wanda ya tsara ofishin da ke cikin hoton nan bai san hazon Kano ba. In na goge teburin da safe, kafin azahar zan iya rubuta sunana a kai da yatsa. Kantocin nan na buɗe suka zama matattarar ƙura, takardun kati farare suka koma kalar ƙasa, fankar cikin kwamfuta ta fara ƙara kamar injin markaɗe. Da bazara ta zo kuwa, cikin Afrilu lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, zauren da Baba ke kishingiɗa da rana tsaka yana gyangyaɗi ya koma tanda. Gwiwar hannuna tana mannewa da gilashi saboda gumi.

Damina ce ta ƙarasa ni. Cikin Agusta na lura bangon gabas ya yi ciki, in na ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Wata Asabar da dare wani falle na siminti ya ɓallo ya faɗo kan firinta. Allah Ya sa ba kowa a wurin.

Hajiya ce ta aika aka kira wani tsohon magini, abokin Baba, wanda da ƙyar yake tafiya yanzu. Ya shigo ya dafa bangon, ya gutsuro ƙasar da ke bayan simintin ya murza a hannu, a jiƙe take. Ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wannan shawara?" Na ce, "Baba, ni na ba kaina." Ya yi dariya har da tari. Bayanin da ya yi min ban taɓa jin sa a makaranta ba. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita in iska ta buga shi. Siminti da fentin mai sun rufe masa hanyar fitarwa, laimar ta taru a tsakani, ga shi ƙasa da siminti ba sa kama juna da kyau, dole wata rana su rabu. Ya ce su a zamaninsu makuba suke shafawa, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, in kuma ana son abin da ruwa ba ya ci sai laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Ashe abin da marina da majema suka zubar, shi magina ke kwashewa su kare gini da shi.

Da ya ɗaga kai ya ga inda na toshe, sai ya yi shiru tukuna. Sannan ya ce iska mai zafi sama take hawa, ta waɗannan 'yan tagogi take fita, mai sanyi ta shigo ta ƙofa. Ni da hannuna na rufe wa ɗakin hanci. Ya ce in je Gidan Makama in zauna minti goma kawai, in dawo mu yi magana. Na je. Tun muna firamare aka kai mu kallon kayan tarihi a wurin, amma ban taɓa lura da kaurin bangon ba, da yadda bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka, ke ɗauke da rufi, da sanyin da ke tarbar mutum daga bakin ƙofa ba fanka ba komai.

Muka sassaƙe simintin gaba ɗaya. A nan ne muka tarar da alkuki guda biyu a jikin bango, irin wanda ake ajiye fitila, birkilan ya cike su da ɓaraguzai ban ma sani ba. Yaran maginin suka yi sabon yaɓe, aka bar shi ya bushe, aka shafa farar ƙasa. Ɗakin ya yi hasken da ba na kunna ƙwai sai bayan la'asar. Alkukin ɗaya yanzu nan batirin sola da cajar waya suke zama, ɗayan kuma Alƙur'anin Baba.

Teburin gilashi na sayar da shi da asara. A bayan gida akwai tsohon ƙyauren katako da aka cire lokacin da aka sa ƙofar ƙarfe, shi na kai wa mai walda a Ƙofar Ruwa ya yi masa ƙafafu, tsayin inci 30. Kafinta ya goge shi ya shafa mai, bai taɓa ramukan ƙusoshin ba, ta ɗaya daga ciki ma nake zura wayar kwamfuta. Na jingina shi da bangon da ke nesa da hanyar wucewa, haske yana zuwa min ta gefe, ba ya dukan fuskar kwamfutar. Da can a tsakiya na dasa tebur kamar wani manaja, duk mai shiga gida sai ya karkace, 'yan'uwan Hajiya mata har sun fara ƙorafi. Zaure dai an gina shi ne ƙofar waje ba ta kallon ta ciki, don baƙo ya zauna ba tare da ya ga tsakar gida ba, kuma mutanen gida su wuce abinsu.

Kantocin ban yar da su ba, labule na yi musu. Na sayo ƙyalle mai shuni a marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa tun 1498, na rataya a gabansu, ƙura ta ragu ƙwarai. Nan ma sai da na sake yin wauta. Ban wanke shi ba na rataya, shunin ya goga a gefen katin wani ango, guda ɗari biyu, sai da na sake bugawa da kuɗina. Yanzu an wanke shi, tela ya yi masa shafi da farin yadi ta ciki.

Sauran ƙananan abubuwa a Kurmi na tsinto su. Asabari a bakin ƙofa, yana tare rana da idon masu wucewa amma iska na ratsawa. Ƙwarya biyu na huda da ƙusa mai zafi na kifa a kan ƙwan lantarki, irin ƙwan nan da ba ya zafi, don da mai zafi ne da tuni ta ƙone. Da dare hasken yana fita ta hudojin ya bazu a jikin azara kamar taurari. Randa tana lungu a kan yashi mai laima, an rufe ta da faifai, masu kawo aiki sun fi son ruwanta a kan na leda. Su kuma a kan tabarma suke zama ko a dakalin waje, ban sayi kujera ko ɗaya ba, kuma na lura an fi sakin jiki a yi ciniki a haka.

Indararon gabas har yanzu yana ɗan zubo ruwa a jikin bango, maginin ya ce a bari sai kaka a gyara. Faifan da ke kan randar kuwa na Hajiya ne, na ɗauko ba da saninta ba. Jiya ta leƙo ta gan shi, ta ce in dai ina son zaman lafiya ya koma kicin kafin magariba.