Tukunya, sikeli da kwalba: kayan da nake dafa jam da su a Gusau

Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu mangwaro yakan yi arha a Gusau har abin ya ba mutum tausayi. Kwando bisa kwando a kasuwar Tudun Wada, zafi kuma ba ya barin nunanne ya kwana biyu lafiya, da la'asar sai ki ga mai talla tana neman wanda zai kwashe ko nawa ne. Wannan asarar ce ta sa na fara dafa jam, abin zaƙin nan da ake shafa wa burodi, na gida tukuna, daga baya maƙwabta suka fara aiko yara da kwalabe. Dafuwar kanta ba wani sirri a cikinta, 'ya'yan itace ne da sukari da lemun tsami. Abin da mata suka fi tambayata shi ne kayan aiki, domin wadda ta kalli bidiyon Turawa a YouTube ta ga tukunyar jan ƙarfe da kwalabe iri-iri da wasu ƙarafa da ba ta san sunansu ba, sai gwiwarta ta yi sanyi tun ba ta kunna wuta ba. Ni dai abubuwa uku na kashe wa kuɗi da gaske: tukunya, sikeli, da kwalabe masu murfin kirki. Sauran duk akwai su a ɗakin girkin kowace mace, ko kuma ana iya yi ba da su ba.

Tukunya ce ta fi cin kuɗi, ita ce kuma ta fi cancanta. Aikin dafa jam shi ne korar ruwa daga cikin 'ya'yan itace har sukari ya kai wajen kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na abin da ke tukunyar. A nan ne yake kamawa, wato ya yi kauri ya tsaya, a nan ne kuma ƙwayoyin da ke ɓata abinci ba sa samun ruwan da za su rayu. Ruwa ta sama yake fita, don haka faɗin bakin tukunya shi ne abin dubawa na farko. Doguwar tukunya mai ƙaramin baki tana riƙe tururi, dafuwa ta yi tsawo, launin mangwaron ya koma ruwan ƙasa, ƙanshinsa ya tafi, sai ɗanɗanon ƙonannen sukari. A tukunya mai faɗi kuwa, kilo ɗaya na mangwaro bai fi minti ashirin zuwa talatin ba a kan wuta mai ƙarfi, ya sauka da ruwan ɗorawarsa. Dalilin da ya sa tukunyar jam ta mutanen Faransa take da buɗaɗɗen baki ke nan. Sai dai faɗi kaɗai bai isa ba, domin idan sukari ya tafasa yakan taso ya ninka. Ba na cika tukunyata fiye da rabi, kashi ɗaya cikin uku ma ya fi mini kwanciyar hankali. Tawa tana cin ruwa kamar lita takwas, kuma ba na wuce kilo biyu na 'ya'yan itace a zubi ɗaya ko da kwando nawa na saya.

Ranar da na je sayenta mai shagon ya ga ina ta ɗaga tukwane ina ƙwanƙwasa gindinsu, ya ce, "Hajiya, mi za ki dafa cikin wagga da kike ta awonta haka?" Na ce masa mangwaro. Ya yi dariya ya miƙo mini wata mai ƙyalli, marar nauyi, ya ce ita amare ke so. Na ce, "Malam, ba ni mai kaurin gindi ko da ba ta da kyau." Sukari ba ya yafe wa siririn gindi. Inda harshen wuta ya taɓa nan zai kama, kuma da zarar ya ƙone a wuri ɗaya ƙaurin ya bi tukunyar duka, ba gyara.

Sai maganar ƙarfen da aka yi ta da shi, wadda ta fi damuna. Jam abinci ne mai tsami, dole sai da tsamin ma yake kamawa, tsami kuma yana cin alminiyam. Wadda ta taɓa barin zoɓo ko ruwan tsamiya a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikinta ke yin fari tas kamar an goge, to abin da ya gogu yana cikin abin da za a sha. Yana sa ɗanɗanon ƙarfe, yana dusashe launi. Tukwanen zubi da ake yi daga narkakken bola-bola sun fi ba ni tsoro, domin tarkacen injin mota da makamantansu ake narkarwa, ba a san abin da ya shiga ba. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya gano cewa idan aka tafasa ruwa mai tsami a cikinsu dalma tana fita. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa, su ne kuwa masu lasar jam. Don haka na tsaya a kan sitil, ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Samira ma tana yi idan fentin cikinta bai fashe ba ko kaɗan, sai dai yawancinsu gindinsu siriri ne, dole a tsaya a kansu. Tukunyar jan ƙarfe ta bidiyo kuwa, ban da tsada, ita ma tsami yana cin ta idan aka zuba 'ya'yan itace kafin a haɗa su da sukari. Ban ga abin da zai kai ni ba.

Wuta ba na zaɓe sosai. Gas ya fi sauƙi saboda ana rage shi nan take. Gawayi yana yi, in dai ya ruru sosai kafin a ɗora, kuma da tsumma a hannu don sauke tukunya idan ta taso. Itace ne ba na so, hayaƙi yana shiga.

Muciya sabuwa nake nufi, doguwa, wadda ba ta taɓa shiga tuwo ko miya ba. Itace yana riƙe ƙanshi, kuma daddawa da tattasai ba sa jituwa da gwaiba. Na ɗaura wa tawa jan zare a kai don kada yara su ɗauka su kai ta tukunyar miya. Tsawon yana da dalili: jam mai tafasa ya fi tafasasshen ruwa zafi, yana tsalle, kuma idan ya sauka a fata manne wa yake yi.

Sikeli shi ne abin da mata suka fi yi mini gardama a kai. Gwaggona, wadda ta shekara arba'in tana alewa da ido da gwangwani, cewa ta yi, "Ke ɗiyata, yaushe girki ya koma kanti?" Gaskiyarta a alewa, hannunta ya san aikinsa. Amma mangwaro ba shi da awo ɗaya. Wani ƙwallonsa ya fi namansa, wani ruwa ne zalla, kuma gwangwanin yankakken mangwaro nauyinsa ya danganta da girman yankan. Abin da ake aunawa shi ne naman bayan an fere an cire ƙwallo. Ni kan sa sukari giram 750 zuwa kilo ɗaya a kan kowane kilo na nama, da ruwan lemun tsami biyu ko uku. Idan sukari ya gaza, jam ɗin ba zai kama da kyau ba kuma ba zai daɗe ba a zafinmu. Idan ya yi yawa, sai ki buɗe kwalba bayan wata guda ki tarar ya daskare yana ƙaras-ƙaras. Ƙaramin sikeli mai batir ya isa, wanda ke ɗaukar kilo biyar, mai maɓallin da ke mayar da awo sifili bayan an ɗora kwano. Kafin ki biya, ki ɗora masa abin da kika san nauyinsa, kamar ƙullin sukarin kanti da aka rubuta giram 500 a jikinsa.

Wuƙa da katakon yanka, kowa na da su, sai dai kada ya zama katakon albasa. Rariya ce mutane ke mantawa. Gwaiba tana cikin waɗanda suka fi kamawa da kansu saboda tana da yawan fektin, sinadarin nan mai danƙo da ke sa jam ya tsaya, amma 'ya'yanta suna iya fasa haƙori. Sai an ɗan dafa ta da ruwa kaɗan ta yi laushi, a murje ta a rariya da bayan ludayi. Haka mangwaron gida mai zare. Rariyar sitil ko ta roba mai kauri nake amfani da ita, ta tankaɗen gari mai ragar ƙarfe tana tsatsa da zarar tsami ya taɓa ta. Bilenda ba dole ba ce, kuma tana kaɗa iska ta sa kumfa ya yi yawa. Injin markaɗe na unguwa kuwa kada ma a fara, an niƙa attarugu kafin ki zo.

Fektin na gari da ake sayarwa a manyan kantuna ban taɓa dogara da shi ba. Nunannen mangwaro ba shi da fektin sosai, ɗanye ya fi shi, saboda haka nake haɗa kashi ɗaya na wanda ya fara nuna da kashi uku na nunanne. Ɗanyen zoɓo na kaka, kafin a shanya shi, yana da tsaminsa da danƙonsa, ba ya neman komai sai sukari.

Ma'aunin zafi yana da daɗin aiki ga wadda ta samu, amma ba na asibiti ba, shi iyakarsa wajen digiri 42. Na girki ake so, mai wuce 110. Littattafan girki suna cewa jam yana kamawa a digiri 104 zuwa 105, sai dai wannan lissafin bakin teku ne. Gusau tana kan tudu fiye da mita 400, ruwa yana tafasa ƙasa da 100 kaɗan. Abin da nake yi shi ne in tsoma ma'aunin a tafasasshen ruwa in ga lambar da ya nuna, in ƙara huɗu a kai, ita ce lambata. Wannan yana kuma tona asirin ma'aunin da ke ƙarya. Wadda ba ta da shi, farantin tangaran ya ishe ta. A bidiyo firiza suke sa shi, mu da wutarmu ke zuwa da tafiya sai a sayi ƙanƙara a ɗora farantin a kai. A sauke tukunya daga wuta, a ɗiga kaɗan a farantin, a jira minti ɗaya, a tura da yatsa. Idan samansa ya tattare kamar fatar tsohuwa kuma hanyar yatsan ba ta rufe ba, ya yi.

Kwalba ita ce inda wahalar mutum ke tsira ko ta lalace. Kwalaben Mason da ake gani a bidiyon Amurka, waɗanda aka yi wa rajista tun 1858, murfinsu kashi biyu ne, faifai da zobe, kuma faifan sau ɗaya ake amfani da shi. Suna da kyau, amma wadda ke Gusau za ta riƙa aike Kano ko Abuja duk lokacin da faifai ya ƙare. Ni kwalaben mayonis da na jam ɗin kanti nake tarawa, na gilashi, masu murfin ƙarfe. Ina bin bakin kowace da yatsa, idan akwai ɓantara ko tsaga ta tafi ajiyar kayan yaji. Murfin nake fi bincikawa: ba tsatsa, ba lanƙwasa, farin roban da ke zagaye da cikinsa bai ɓaɓɓake ba, kuma ba ya warin abin da ya zauna a ciki. Masu ɗan tudu a tsakiya sun fi, domin idan jam ya huce tudun yakan lotsa ciki, alamar iska ba ta shiga. Robar ajiye abinci ba ta wannan aikin, zafi yana lanƙwasa ta, bakinta kuma ba ya kamawa.

A nan tsohuwar tukunyar alminiyam ta sami aikinta, tunda ruwa kawai za ta dafa. Ina shimfiɗa tsumma mai tsabta a gindinta don kada gilashi ya zauna a kan ƙarfe, in jera kwalabe, in zuba ruwa ya rufe su, su tafasa minti goma. Da zafinsu ake zuba jam mai zafi, domin gilashi mai sanyi fashewa yake. Mazurarin kanti bakinsa ya yi ƙanƙanta, don haka ƙaramin kofin sitil mai baki nake ɗiba da shi, in bar sarari kamar rabin santimita a sama, in goge baki, in rufe. Wanda za a ajiye watanni ina mayar da shi cikin tukunyar, ruwa ya haura murfi, ya sake tafasa minti goma. Akwai wani ƙarfe na musamman na ciro kwalba daga ruwan zafi. Ban same shi a nan ba, sai in kwashe ruwan da ludayi har wuyan kwalaben ya fito, in kama da tsumma mai kauri. Daga nan takarda da salatif: abin da ke ciki da watan da aka yi. Wadda kuma ke son kai nata kanti, wannan takardar ba ta isa ba, sai ta bi ta rajistar NAFDAC.

Girman kwalba ma abin lura ne. Rufaffiya tana iya watanni a wuri mai duhu da ɗan sanyi, ƙasan gado ko kusa da randa, amma da an buɗe ta firij take so. A watan Afrilu, idan wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, babbar kwalba da aka buɗe takan fara furfura a sama kafin a kai rabinta, musamman idan yara suna tsoma cokalin da suka lasa. Shi ya sa yanzu ƙanana nake nema, masu cin giram 200 zuwa 300, waɗanda gida zai cinye da burodi cikin mako guda. Manyan na bar wa lokacin sanyi, sa'ad da zoɓo da gwaiba suka shigo.